Yadda ake shirya suturar cin abincin dare a jirgin ruwa na alfarma

Mai shirin tashi daga Abuja ya je ya hau jirgin ruwa na shaƙatawa a Southampton ko Basalona ko Dubai, hankalinsa yakan tafi kan biza da tikiti da canjin kuɗi. Maganar sutura sai ana gobe tafiya ake tuna ta, a buɗe akwati a zuba abin da hannu ya kai. To amma a irin waɗannan jirage, da ƙarfe 6 na yamma ta yi, dokar sutura ta fara aiki, kuma akwai ma'aikaci a bakin ƙofar ɗakin cin abinci da zai dubi shigar mutum kafin ya kai shi teburi. Abin daɗin shi ne kayanmu na gida sun wadatar. Babbar riga da kaftani da leshi da abaya duk suna shiga, har su fi na wasu cika ido. Aikin da ke gabanka shi ne daidaita su da yanayin jirgi, inda ba a yarda da dutsen guga a ɗaki ba, ba a kunna kasko, ga iska, ga sanyin na'ura, ga ƙasa tana ɗan motsi.

Mataki na 1: san dokar kamfanin da za ka hau

Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma sukan sauya shi, don haka a karanta shafin sutura na kamfanin a makon da aka biya kuɗi, tun kafin a je wurin tela.

Cunard, kamfanin da ke da jirgin Queen Mary 2, shi ne ya fi riƙe tsohuwar al'ada. Dararensa iri biyu ne. Akwai daren shigar kamala, wanda suke kira Smart Attire: namiji riga mai kwala da wandon yadi, mace doguwar riga ko siket da riga masu kyau. Akwai kuma daren gala, wato daren babban ado: namiji taksido (baƙar kwat ɗin biki ta Turawa) ko kwat mai duhu da laktaye, mace doguwar rigar biki. Kayan gargajiya na ƙasar mutum, matuƙar na fita biki ne, karɓaɓɓu ne a wannan daren. Tsallaka Tekun Atlantika daga Southampton zuwa New York kwana 7 ne, kuma yawanci biyu daga ciki na gala ne.

Kamfanonin Viking da Oceania ba su da daren gala sam. Shigar kamala suke so kowane dare, ba dole sai da kwat ko laktaye ba. MSC, wanda jiragensa ke tashi daga Durban a Afirka ta Kudu a watannin ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, yana da daren ado, kuma yakan yi daren fararen kaya.

Abin da kusan duk manyan ɗakunan cin abinci suka haɗu a kai wajen hanawa da dare: gajeren wando, singileti, kayan wanka, silifas, yagaggen jins da hular hana-sallah. Hularmu ta zanna ko dara ba ta cikin wannan lissafi, domin ɓangare ce ta cikakkiyar shiga, kuma ba a cire ta a teburi.

Mataki na 2: ƙirga darare, sannan ka ƙirga kaya

A ɗauki tafiyar kwana 7 mai gala biyu. Daren farko da na ƙarshe ba a cika yin gala a cikinsu ba, saboda akwatuna ba sa hannun masu su. Saura biyar: biyu na gala, uku na kamala.

Namiji zai ishe shi da babbar riga cikakkiya guda 2, ko babbar riga ɗaya da kwat mai duhu ɗaya, sai kaftani 4, hula 3, takalmi ƙafa 2, safa mai duhu ƙafa 7. Kaftanin da aka sa a daren farko na awa biyu ko uku, in an rataye shi nan take, zai sake fita a daren ƙarshe. Mace kuma kayan biki 2, dogayen riguna ko abaya 4, mayafai 4 ko 5 da za su hau kan fiye da riga ɗaya, takalmi ƙafa 2, da 'yar ƙaramar jakar hannu guda ɗaya mai ruwan zinare ko baƙa.

Dalilin taƙaitawa shi ne jirgin sama. Jirgin ruwa bai cika damuwa da nauyin kaya ba, amma daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe akwati ɗaya a kujerar gama-gari yawanci kilo 23 ne. Shadda yadi 10 da aka yi wa aiki mai cika tana iya kusantar kilo 2, leshi mai duwatsu ma haka. In kuma akwai ƙaramin jirgin da za a canja a Turai, a duba nasa ma'aunin daban, don sau da yawa bai kai na farkon ba.

Mataki na 3: kayan maza

Babbar rigar zuwa ɗaurin aure a Maitama, wadda aka buga aka ɗora mata sitaci har tana tsayuwa da kanta, tana wahalarwa a jirgi. Tebura a kusa da juna suke, masu hidima na ratsawa da faranti, kuma a gabanka akwai kofunan gilashi biyu ko uku a dama, da farantin burodi a hagu. Hannun riga mai faɗi da tauri, in ya zamo daga kafaɗa, kofin farko da ya tarar zai share. Saboda haka a ce wa tela ya rage faɗin, ta tsaya daidai wuyan hannu in an miƙe hannuwa, tsawonta kuma ya tsaya a tsakiyar ƙwauri. Shadda mai laushi irin ta Getzner ko boyel mai kauri sun fi zama a kafaɗa.

Launi: shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi sun fi dacewa da daren gala, don maza a ɗakin duk cikin baƙi za su kasance, kuma launi mai duhu yana ɓoye ɗigon miya. Fara tana da ranarta. Cunard kan yi daren baƙi da fari, a nan farar babbar riga da baƙar hula ta gama magana. Akwai kuma daren ja da ruwan zinare, wanda jar dara ko aikin zare mai ruwan gwal ya wadatar, ba sai an ɗinka jar riga ba.

Kaftanin dararen kamala ya zama mai dogon hannu da maɓalli, wuyansa a rufe, tsawonsa ya wuce gwiwa. Mai gajeren hannu, ko jallabiyar da ake zuwa masallacin unguwa da asuba, a bar su na rana. Ma'aikacin bakin ƙofa bai san sunayen ɗinkinmu ba, idonsa kawai yake aiki da shi: guga, takalmi, da ko shigar ta yi kama da ta wanda ya shirya. Kaftani da hula da rufaffen takalmi ba ya samun matsala. Shi kansa kaftanin, in aka haɗa shi da takalmin fade babu hula, sai ya koma kamar kayan shan iska.

Takalmi sau-ciki na fata, baƙi ɗaya, ruwan ƙasa ɗaya. Mai buɗaɗɗen baya da muke so a gida yana zamewa a matakala. Sabon takalmi mai santsin ƙasa a sa shi sau uku ko huɗu a gida kafin tafiya, ko a kai wa mai gyaran takalmi ya manna masa siririyar roba, domin daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiya ce mai tsawo. Queen Mary 2 tsawonsa mita 345 ne.

Wando kuwa a yi shi da mazagi. Abincin dare kashi huɗu ko biyar ake kawowa, kullum, har mako guda, kuma wandon da ya zauna daidai a Abuja yakan matse a dare na biyar.

Mai son kwat, ya zaɓi baƙa ko shuɗiya mai duhu, farar riga, laktaye marar hayaniya. Taksido kuma tafiyarsa da ɗan laktayen nan mai siffar malam-buɗe-littafi. Wanda bai saba da shi ba, babu dalilin ya saya don dare biyu alhali yana da babbar riga.

Mataki na 4: kayan mata

A nan tsawon riga ne abin da ya fi jawo matsala. Ɗinkin biki mai jela da ke jan ƙasa, da siket ɗin da ya matse gwiwa ya buɗe a ƙasa, an yi su ne don shiga zauren biki a zauna. A jirgi akwai matakala, akwai lif mai cunkoso daf da lokacin abinci, kuma in teku ta ɗan motsa dole hannu ɗaya ya kama ƙarfen gefe. In ɗayan yana riƙe da jaka, babu hannun tattare riga. A auna rigar da takalmin da za a sa ta da shi, leɓenta ya tsaya kamar santimita 2 sama da ƙasa. Siket kuma ya bar ƙafa ta hau matakala ba tare da an ɗage shi ba.

Don daren gala, leshi yadi 5 da aka yi wa doguwar riga, ko bubu na shadda mai aiki, ko abaya mai ado a hannu da gaba, duk sun kai. Atamfa mai kyau da ɗinki nutsattse ta fi dacewa da dararen kamala. Laffaya tana da kyau ƙwarai a irin wannan ɗaki, amma sai ga wadda ta saba naɗa ta, kuma a kafe ta da fil a kafaɗa. Leshi mai duwatsu yana kama zaren mayafi da rigar teburi, ga nauyi, don haka guda ɗaya ya isa. Hannun riga mai faɗi kamar ƙararrawa shi ma yana leƙa cikin faranti. Wanda ya tsuke a wuyan hannu ya fi, amma ya zama mai zif ko maɓalli yadda zai naɗu lokacin alwala.

Mayafi: sifon mai santsi yana zamewa, kuma da an buɗe ƙofar da ke fita sararin jirgi iska za ta fizge shi. A sa hular ciki, a kafe da fil biyu ko maganaɗisu. A riƙe wani gyale mai ɗan kauri daban don kafaɗa, saboda ɗakin cin abinci da zauren wasanni a sanyaye suke, kuma zaman yakan kai awa biyu. Mutanen Jos da suka san sanyin Disamba za su fi saurin sabawa, amma iskar Atlantika da dare ta fi ta Filato cizo. Maza ma su sa rigar ciki mai dogon hannu a ƙarƙashin kaftani maimakon ɗora suwaita a sama.

Ɗaurin kai ya zama madaidaici. Gwaggwaro mai tsayi yana tare wa na baya kallo in an wuce zauren wasanni bayan abinci, kuma babu mai ɗaura shi a jirgi. Wadda ba ta iya ɗaura wa kanta ba ta tafi da ɗaurarre, a cikin kwalinsa, a cusa masa takarda a ciki don kada ya lotse.

Takalmi mai tsini siriri yana nutsewa a kafet, yana kuma maƙalewa a tsagin katakon sarari. Dunduniya mai faɗi wadda ba ta wuce inci 2 ba ita ce daidai. Gwal kuma a taƙaita: sarƙa da 'yan kunne saiti ɗaya ko biyu, a jakar hannu lokacin tafiya, a akwatin sirri na ɗaki in an isa. Lalle a yi shi kwana biyu kafin tashi.

Mataki na 5: tela

A kai ɗinki mako 6 kafin tafiya, in kuma ya faɗo kusa da Sallah ko bukukuwan Disamba a ƙara mako biyu, don kowa ya san yadda shagunan Wuse da Garki ke cika a lokacin. In an karɓo, kada a tsaya a duba madubi kawai. A sa cikakkiyar shigar da takalminta, a zauna a kujerar teburi, a miƙa hannu kamar za a ɗauki kofi, a hau bene a sauko. Duk abin da ya takura a minti biyar ɗin nan, zai takura na awa biyu a jirgi.

Mataki na 6: turare da guga, inda aka fi yin kuskure

Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. Shi ya sa dutsen guga, na'urar tururi, kyandir, kasko na gawayi ko na lantarki, da turaren wuta da na tsinke duk haramtattu ne a ɗaki. Ana haska akwatuna kafin a shigar da su. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, za a riƙe akwatin, a kira mai shi ya buɗe, a ajiye abin sai ranar sauka, kuma kayanka su makara isowa ɗaki. Kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi, don haka ko an yi dabarar shiga da shi ba ya kunnuwa a ɓoye.

Mafita ita ce a turara kayan a gida. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a ɗora su a kabbasa su sha turare sosai, a bar su su huce, sannan a ninke kowanne a cikin ledarsa a rufe. Ƙamshin zai kai mako. Humra da turaren fesawa a naɗe bakinsu da salatif, a sa a leda biyu, a akwatin da za a auna, domin a jakar hannu ba a wuce da kwalbar da ta fi mililita 100. A kuma sassauta hannu wajen shafawa. Ana iya haɗa ka teburi ɗaya da baƙi shida ko takwas a rufaffen ɗaki, kuma oud ɗin da ya yi daidai a zauren biki yana iya hana na kusa da kai jin ɗanɗanon abincinsa.

Guga hanya biyu ce. Jiragen Cunard da na Viking suna da ɗakin wanki na fasinjoji mai dutsen guga da teburinsa, kyauta. A je da safe ko lokacin da jirgi ya tsaya mutane suka fita gari, domin da la'asar ɗin ranar gala layi ake yi. Wasu jiragen ba su da wannan ɗaki, sai dai a ba mai kula da ɗaki ya kai sashen wanki a biya. In haka ne a bayar tun daren farko, a cika takardar da ke cikin kabad, a zaɓi guga kaɗai.

Shadda tana buƙatar kashedi na musamman. Ƙyallinta daga matsi da bugu yake, ruwa da tururi suna kashe shi, su bar tabo. Masu wankin jirgi ba su san ta ba, kuma aikinsu da tururi ne. A gaya wa mai kula da ɗaki baki da baki, a kuma rubuta: kada a wanke, kada a fesa ruwa, a goge ta bai-bai. Wanda ya fi aminci shi ne kada ta je hannunsu sam. Dabarar nan ta rataye kaya a banɗaki a sakar musu ruwan zafi tana aiki ga kwat da sifon da abaya, amma shadda da duk abin da aka sa wa sitaci laushi za su yi su yamutse.

Mataki na 7: shirya akwati

A bar babbar riga a ninkin da mai guga ya yi mata, a sa farar takarda mai laushi a tsakanin ninki, musamman kan aikin, a shimfiɗa ta a saman komai. Takalma a ƙasa, kowanne a jakarsa, safa a cikinsu. Huluna a jera su ɗaya cikin ɗaya a kwali ko a jakar hannu, don hular da ta karye a ƙarƙashin kaya ba ta miƙewa a jirgi. A haɗa 'yar jaka mai allura da zare, fil, maɓalli na ƙari da burushin takalmi. Filogin Najeriya mai ƙafa uku irin na Ingila ne, yawancin jirage kuma na Amurka da na Turai suke da su, saboda haka a riƙe adafta.

Abu mafi muhimmanci: cikakkiyar shigar dare ɗaya, har da takalmi da hula ko mayafi, ta kasance a jakar hannu. A tashar jirgin ruwa ana karɓar manyan akwatuna, kuma suna iya ɗaukar awanni kafin su iso ƙofar ɗaki. In kuma akwati ya ɓata a canjin jirgin sama, jirgin ruwa ba ya jira.

Mataki na 8: a cikin jirgi

Da akwati ya iso a fitar da komai a rataye, a tura akwatin ƙarƙashin gado. In maratayan ba su isa ba, mai kula da ɗaki zai ƙaro. Babbar riga kuwa ta fi son a ajiye ta a ninke a kan shiryayye, don marataya tana fitar mata da ƙusurwa a kafaɗa.

Kowace yamma ana kawo takardar shirin gobe, ko a gan ta a manhajar jirgin, kuma a ciki ake rubuta shigar daren. Ita za a bi. A jiragen da ke raba cin abincin dare zuwa zama biyu, na farko wajen ƙarfe 6 ne, na biyu wajen 8:30. A dubi lokacin Magariba kafin a zaɓa, domin a arewacin Turai da bazara rana kan kai ƙarfe 9 ba ta faɗi ba, da hunturu kuma tun 4 ta yi duhu. A yi alwala kafin a sa kayan gala da kwalliya, don famfon ɗaki ƙarami ne, kuma ɗigon ruwa a gaban shadda yana bayyana.

Kafin a zauna, a naɗe hannuwan babbar riga a kafaɗa sau biyu, a tattaro bayanta don kada ƙafar kujera ta taka. Adikon teburi a shimfiɗa shi a cinya. In miya ta ɗiga, a danna da busasshen adiko, kada a murza, kada a zuba ruwa. Ba a tuɓe babbar riga a teburi, don haka wanda ya san zafi na damunsa ya zaɓi boyel tun daga gida. In za a fita sarari bayan abinci, a danne hula ko a riƙe ta a hannu, abin da iska ta kai teku ya tafi ke nan.

Wanda ya gaji da ado a wani dare ba a tilasta masa. A Queen Mary 2 akwai Kings Court, wurin ɗiba da kanka, inda ake shiga da kaya masu sauƙi ko a daren gala, kuma ana iya sa a kawo abinci ɗaki. Sai dai a Cunard dokar daren ta shafi yawancin zaurukan jirgin, ba ɗakin cin abinci kaɗai ba. Yara kuma ba a tsananta musu, ɗan kaftani ko 'yar doguwar riga da rufaffen takalmi sun isa.

Mataki na 9: daren ƙarshe

A wannan daren ake fitar da manyan akwatuna bakin ƙofa, da alamar da aka raba, ma'aikata su kwashe, ba za a sake ganinsu ba sai a tasha da safe. A duba lokacin da aka sa a takardar shiri. Tun da rana a ware kaftani ko abayar da za a ci abinci da ita, wadda ba ta da girma, da za ta shiga jakar hannu. A ware kayan barci, kayan sauka na safe da takalminsu, fasfo, magunguna da caja, a buɗe akwatin sirri a kwashe gwal da kuɗi. Kayan gala da aka riga aka sa a bar su su sha iska kafin a ninke, domin danshin teku da gumi in aka rufe su a leda har Abuja, shadda takan yi fumfuna.